Yadda Ake Tsara Lokaci: A Fara da Ƙidayar Alkawura

Duk wanda ya taɓa zama a kan bencin shagon tela a daren jajibirin ƙaramar salla ya ga abin da rashin tsara lokaci ke haifarwa da idonsa. Janareta na ruri a bakin ƙofa, yaran shago sun kwana biyu ba su runtsa ba, shadda da yadi sun yi tsibi a kan tebur har sun kusa rufe agogon bango, ga masu kaya sun cika benci, kowa yana riƙe da ranar da aka yi masa alkawari. Na taɓa kaiwa ƙarfe biyu na dare a irin wannan zama ina jiran kayan yarana, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne telan ba malalaci ba ne, domin tun farkon azumi bai huta ba. Laifinsa ɗaya ne. Duk wanda ya shigo da leda a hannu ya ce, "Malam, za a samu kafin salla?" sai ya karɓi kafin alƙalami ya amsa da, "In Allah ya yarda, Alhaji, ai kai namu ne." Idan shi da yaransa suna kammala kaftani uku a rana, wata guda ba zai ba su fiye da 90 ba, ko da ba a ɗauke wuta ko sau ɗaya ba. Idan kuwa ya karɓi 150, to mutum 60 sun riga sun rasa kayan salla tun ranar da suka miƙa yadinsu, sai dai ba a gaya musu ba tukuna.

Na kawo tela ne domin a shagonsa ake ganin matsalar ƙuru-ƙuru, amma ma'aikacin ofis da malamar makaranta da ɗan kasuwar Kantin Kwari da uwargida mai sana'ar cikin gida duk suna da irin wannan tsibi, nasu dai ba ya ganuwa ne kawai. Dare da yini awa 24 ne ga kowa, kuma babu mai iya ƙara musu ko minti ɗaya, don haka abin da ake kira tsara lokaci, idan aka bi diddiginsa, tsara alkawura ne: waɗanda muka ɗaukar wa mutane, da waɗanda aiki ya ɗora mana, da waɗanda muka ɗaukar wa kanmu. Hausawa sun ce alkawari kaya ne, mai hankali kuwa yakan san ƙarfin wuyansa kafin ya naɗa gammo.

Auna abin da kake da shi

Mako ɗaya awa 168 ne. Ka ɗauki takarda ka fara cire abubuwan da babu makawa a kansu. A ce kana barcin awa 7 kowane dare, ka cire 49. A ce kana aikin awa 8 daga Litinin zuwa Juma'a, ka cire 40. Zuwa wurin aiki da dawowa, ga wanda ke bin adaidaita sahu a gari mai cunkoso irin Kano, za su iya cin awa 10 a mako. Alwala da salla da zuwa masallaci su ma a ba su kamar awa 10, cin abinci da wanka da ƙananan hidimomin gida kuma 14. Abin da ya rage awa 45 ne, kuma a cikinsu ne iyali da zumunci da neman ilimi da sana'ar gefe da hutu za su raba. Lissafinka zai bambanta da wannan, musamman idan ke ce mai aiki a waje kuma girki da reno suna jiranki a gida, amma sai mutum ya ga adadin a rubuce yake gane cewa jarinsa ƙanƙane ne.

Bayan haka sai ka yi mako ɗaya kana bin sawun kanka. Hanya mafi sauƙi ita ce, bayan kowace salla ka rubuta layi biyu a kan abin da ka yi tun daga sallar da ta gabata. Kada ka bar shi sai dare, domin ƙwaƙwalwa takan yi wa mai ita kara: za ta tuna maka awa biyun da ka yi a kan aiki, ta manta da minti arba'in ɗin da suka tafi a hirar majalisa da kuma rabin awar da ka yi kana jiran wanda ya ce ga shi nan a hanya alhali bai fito daga wanka ba. Manufar wannan mako ba ta zargin kai ba ce, don haka kada ka gyara komai tukuna, ka dai rubuta gaskiya.

Abu na biyu da wannan rubutu zai nuna maka shi ne tsawon lokacin da kowane aiki ke ci a zahiri. Masana halayyar ɗan'adam biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun yi bayani a 1979 cewa mutane sukan ƙiyasta wa ayyukansu lokacin da bai kai wanda za su ci ba, ko da kuwa sun sha yin irin aikin a baya sun ga yadda ya ja. Ba ƙananan mutane kaɗai abin ke samu ba. An fara ginin shahararren gidan kiɗa da wasan kwaikwayon nan na birnin Sidni a ƙasar Ostireliya a 1959 da niyyar gamawa a 1963, amma sai a 1973 aka buɗe shi. Maganin abin shi ne ka daina tambayar kanka tsawon lokacin da aiki ya kamata ya ɗauka, ka koma tambayar nawa ya ɗauka wancan karon. Idan sabon aiki ne da ba ka taɓa yi ba, ka ƙara rabin abin da ka ƙiyasta a kai.

Fitar da alkawuran daga kai

Babu ɗan kasuwar kirki da ke riƙe bashi a ka. Yana da littafi, kuma ko kwalin ashana aka ɗauka sai ya shiga. Haka ya kamata a yi wa alkawari. Ka samu ƙaramin littafi ɗaya da zai shiga aljihu, ko wuri ɗaya a wayarka, ka zauna ka zazzage duk abin da ake jira daga gare ka: rahoton ofis, kuɗin makarantar yara, maganin mahaifiya, takardar da ka ce za ka sa wa ɗan maƙwabci hannu, ziyarar da ka yi watanni kana cewa za ka kai. Wuri ɗaya nake nufi, ba bayan ambulan yau ba gobe kuma tafin hannu. A karon farko jerin zai ba ka tsoro, amma dama can kayan suna kanka, yanzu ne dai ka ga yawansu.

Yadda aka rubuta abu shi ke sa a yi shi ko a yi ta tsallake shi. "Gyaran gida" ba aiki ba ne da mutum zai tashi ya yi, shi ya sa zai shekara a littafi. "Kiran birkila ya zo ya duba katangar baya ranar Asabar da hantsi" aiki ne na minti uku. Kowane layi ya ƙunshi wanda aka yi wa alkawarin, da ranar da ake jiransa, da matakin farko da za a iya ɗauka da hannu ko da ƙafa ko da waya.

Mai gaggawa da mai muhimmanci

A 1954, shugaban Amurka na lokacin, Dwight Eisenhower, ya ambata a wani jawabi cewa matsaloli iri biyu ne, masu gaggawa da masu muhimmanci, kuma sau da yawa ba su zama abu ɗaya. Daga wannan magana ce aka samo hanyar raba ayyuka gida huɗu da ake jingina wa sunansa. Abin da ya haɗa gaggawa da muhimmanci, kamar yaro da zazzaɓi ya rufe shi cikin dare, ba ya buƙatar shawara, tashi ake yi. Abin da ba shi da ko ɗaya daga ciki, a bar shi. Mai gaggawa marar muhimmanci shi ne mai yawan hayaniya: kiran waya, da saƙon da aka rubuta masa "yanzu-yanzu", da baƙon da ya leƙo ofis domin ya ga ƙofa a buɗe. Irin wannan a taƙaita shi, ko a miƙa wa wani.

Gida na huɗu ne ya cancanci a tsaya a kansa, wato mai muhimmanci marar gaggawa, domin shi ne ba ya kiran kowa a waya. Kwanon ɗakin da ke yoyo ba ya damun kowa a watan Fabrairu, sai ruwan farko ya sauka a kan katifa. Awon hawan jini, sabunta takardun mota, zama da yaro a duba littafinsa tun farkon zango, koyon wata fasaha da aikinka zai buƙata nan da shekara biyu, gyara tsakaninka da ɗan'uwan da kuka yi sanyi, duk suna iya jira har gobe, kuma goben ma suna iya jira, har ranar da za su rikiɗe su zama tashin hankali mai tsada. Manomi ya fi kowa sanin wannan. Wanda ya tanadi iri da taki tun bazara, da ruwa ya zauna sai shuka; wanda ya bari sai an yi ruwan shuka sannan ya nufi kasuwa zai saya da tsada, ya kuma yi shuka a makare, noman fari da maimai duk su zo masa a hargitse. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yawancin gaggawar da ke cinye mana yini a yau, wani abu ne mai muhimmanci da aka ƙi kulawa watanni uku da suka wuce, kuma hanya ɗaya ta rage ta ita ce a ba irin waɗannan ayyuka rana da awa a cikin mako, a kuma tsare wannan awa kamar yadda ake tsare lokacin ganin likita.

Idan ka rasa gidan da za ka sa wani aiki, ka tambayi kanka: idan ban yi shi yau ba, me zai faru, kuma wa abin zai shafa? Sau da yawa amsar ita ce babu abin da zai faru sai ɗan ɓacin ran wani na ɗan lokaci. Daga nan, kowane dare kafin ka kwanta, ka zaɓi ayyuka uku na gobe, ka kuma ja layi a ƙarƙashin ɗaya, wanda idan shi kaɗai ka yi ba za ka ce yinin ya tafi a banza ba. Uku sun yi kama da kaɗan, amma wanda ya rubuta goma sha biyar yakan fara da masu sauƙi domin ya ji daɗin soke su, magariba ta yi masa babban yana nan ba a taɓa ba. Ka yi su ɗaya bayan ɗaya, domin taura biyu ba ta taunuwa.

Ma'aikacin da ke ƙarƙashin wani zai ce zaɓin ba a hannunsa yake ba, kuma yana da gaskiya har wani matsayi. Amma idan shugabanka ya ajiye maka sabon fayil alhali na jiya bai kammalu ba, akwai abin da ya fi yin shiru ka karɓa. Ka ce, "Ranka ya daɗe, rahoton da ka ce a gama kafin Laraba yana hannuna, ga kuma wannan. Wanne kake so in fara gabatarwa?" Ba ka ƙi umarni ba, ba ka kuma yi alkawarin abin da ba zai yiwu ba, ka dai mayar da zaɓin ga mai ikon yin sa. Shugabanni da yawa ba su san yawan abin da suka tara wa na ƙasa da su ba sai an nuna musu cikin ladabi.

Yinin da aka riga aka yanka

Masu koyar da tsara lokaci a wasu ƙasashe sukan sha wahala wajen koya wa mutane yanka yini gida-gida. Mu a nan an riga an yanka mana. Salloli biyar sun raba yinin, kuma ko wanda ba Musulmi ba, idan yana zaune a Kano ko Zariya ko Maraɗi, da kiran salla kasuwa da ofis ke numfashi. Abin da ya rage shi ne a ba kowane yanki aikin da ya dace da shi.

Daga asuba zuwa hantsi shi ne gwal ɗin yini. Gari shiru, iska da sanyi-sanyi, waya ba ta fara ƙara ba, babu mai sallama a ƙofar gida. Ya zo a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikin sammakonta, kuma sahabin da ya ruwaito hadisin, Sakhr al-Gamidi, ɗan kasuwa ne da yakan tura hajarsa da sassafe, har ya yi dukiya mai yawa. Duk aikin da ke buƙatar natsuwa, kamar karatu ko rubutu ko lissafin shago ko shirya darasi, nan ne muhallinsa, ko da minti arba'in ne kafin a fara shirya yara. Sai dai sammako da dare ake sayensa: wanda ya kai ƙarfe ɗaya yana kallon waya ba zai ga wannan lokaci ba sai a mafarki.

Daga hantsi zuwa azahar shi ne yanki mafi tsawo a wurin aiki, kuma a cikinsa ya kamata aikin nan da aka ja wa layi ya kammalu. Tsakanin azahar da la'asar jiki yakan yi nauyi, musamman a watannin Maris zuwa Mayu da zafi ke kan ganiyarsa, don haka a bar wa wannan lokaci ayyuka marasa nauyi irin su amsa saƙonni da jera takardu, ko ɗan ƙailula ga mai hali. La'asar zuwa magariba ta dace da fita da ziyara da cefane. Ɗan tsakanin magariba da lisha gajere ne, kuma na ga gidajen da suka keɓe shi ga karatun yara da cin abinci tare, babu waya a hannun kowa, ban kuwa ga wanda ya yi nadamar hakan ba.

Amma akwai gyara ɗaya. Salla tana da kyau wajen raba yini, ba ta wadatar ba wajen sa lokacin haɗuwa. "Mu haɗu bayan la'asar" magana ce mai faɗin fiye da awa biyu, kuma wanda ya fara zuwa shi ke biyan kuɗin wannan faɗi. A ce ƙarfe huɗu da rabi, a kuma faɗi lokacin tashi. Wani marubucin Birtaniya, Cyril Northcote Parkinson, ya rubuta a 1955 cewa aiki yakan buɗe ya cike duk lokacin da aka ba shi, kuma duk wanda ya taɓa zama a taron kwamitin unguwa da ba a sa masa ƙarshe ba ya san haka ba tare da an gaya masa ba. Taron da aka sa rabin awa kafin azahar yakan ƙare a kan kari, domin ladan ba ya jiran mai dogon bayani.

Ga wanda fara aiki ke yi wa wuya, akwai dabarar da wani ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya fito da ita a ƙarshen shekarun 1980 yana ɗalibi: a saita agogo minti 25, a yi aiki ɗaya tak ba waiwaye, a huta minti 5, a sake. Amfaninta shi ne rai ba ya jin tsoron minti 25 kamar yadda yake jin tsoron babban aiki. Sannan duk mai sana'ar da ta dogara da lantarki ya riƙa raba ayyukansa biyu, masu buƙatar wuta da marasa buƙata, ta yadda idan an kawo ba zai tsaya yanka yadi ba alhali keke na jira, idan kuma an ɗauke ba zai zauna yana kallon ƙwan fitila ba.

Cewa a'a ba tare da an ɓata ba

Nan ne gizo ke saƙa. An tarbiyyantar da mu a kan kunya da kara, kuma abubuwa ne masu kyau, amma su ne kuma suke sa mutum ya amsa abin da ya san ba zai iya ba. Mun ma samo wa kanmu kalmomin zillewa: "za mu gani", "ba damuwa", har da "in sha Allahu" da wasu ke faɗa alhali sun riga sun yanke a ransu cewa ba za su yi ba, wanda a ganina rashin girmama kalmar ne. Wanda aka ce wa a'a tun farko zai ji zafi na yini ɗaya ya nemi wata hanya. Wanda aka ce wa to aka yi ta ja masa rai zai rasa lokacinsa, ya rasa wata hanyar, daga ƙarshe kuma zumuncin da aka ji tsoron ɓatawa ya ɓaci ninki biyu.

Mataki na farko shi ne ka daina amsawa nan take. "Bari in duba abin da ke gabana, zan kira ka bayan magariba" ya ishe ka ka buɗe littafinka, da sharaɗin ka kira ɗin. Idan amsar a'a ce, ka fara da girmamawa, ka faɗi gaskiya a taƙaice, ka kuma miƙa abin da za ka iya. Idan kawunka ya ce ka raka shi ganin gona ranar da kake da aikin da ba ya ɗaguwa, kana iya cewa, "Kawu, ka yi mini haƙuri, ranar Talata akwai nauyin mutane a kaina da ba zan iya saukewa ba. Idan Asabar ta yi maka, da sassafe ina ƙofar gidanka." Mai sana'a kuma ya koyi cewa, "Hajiya, gaskiya na cika, idan na karɓa zan ba ki kunya. Bayan salla da mako ɗaya zan iya." Wataƙila ta tafi wani wuri a wannan karon, amma ta san inda ake faɗa mata gaskiya. Dogon uzuri ba shi da amfani, domin duk dalilin da ka ƙara, ka ba mai roƙo wata ƙofar da zai sake shigowa ta ciki.

Gurbin jama'a

Duk jadawalin da bai bar wa mutane wuri ba, ba zai kai Laraba ba a ƙasar Hausa. Rasuwa ba ta sallama, jana'iza kuma cikin 'yan awanni ake yin ta. Ana iya kiranka daga asibiti. Baƙo yana iya sauka daga ƙauye ba tare da ya aiko ba. Waɗannan ba katsalandan ba ne a cikin rayuwa, su ma rayuwar ce, kuma ranar da abin ya zo kanka za ka so a bar aiki a zo. Saboda haka kada ka cika yininka maƙil. Ka tsara kashi biyu cikin uku, ka bar ɗaya a buɗe. Idan wani abu ya taso, ga wurinsa. Idan bai taso ba, ka jawo aikin gobe.

Sai dai a rarrabe. Jana'iza da rashin lafiya ba su da rana, amma suna an san rana ta bakwai ne tun ranar haihuwa, ɗaurin aure kuma da makonni ake raba katinsa. Waɗannan su shiga littafi tun ranar da aka ji su. Ba kowane biki ne kuma yake buƙatar yini guda ba: a wani wurin halartar ɗaurin aure da gaisawa da iyaye ta wadatar, a wani wurin kiran waya da gudummawa sun sauke nauyi, a wani wurin kuwa dole a kwana ana hidima, kuma kai ka san wanne ne wanne. Haka nan ranar hutu da ba a sa mata suna ba, ta kowa ce. Lokacin da gwamnatin Jihar Kaduna ta mayar da zuwa ofis kwana huɗu a mako daga watan Disamba na 2021, ma'aikaci ya samu Juma'a a gida, amma samun rana daban, cin moriyarta daban. Wanda bai yanke tun Alhamis cewa safiyar ta gona ce ko ta karatu ba, aike-aike da hira za su raba ta kafin a tafi masallaci.

Iyali da jiki su ma masu bin bashi ne, ko da yake su ne suka fi kowa haƙuri, shi ya sa ake fara danne nasu. Salmanul Farisi ya gaya wa Abud Darda'i cewa Ubangijinsa yana da hakki a kansa, ransa yana da hakki, iyalinsa ma suna da hakki, ya ba kowane mai hakki hakkinsa, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaskata shi. Barci da hutu da zama da iyali su shiga jadawali da sunansu, kada a bar musu ragowa.

Waya da hanya da wakilci

Wayoyin zamani suna da wurin da suke nuna awannin da aka yi a kansu kowace rana. Ka buɗe ka duba, ka kwatanta da awa 45 ɗin nan. Ka kashe ƙarar zaurukan WhatsApp na dangi da na tsofaffin ɗalibai, ka riƙa leƙa su sau biyu ko uku a yini a lokacin da kai ka zaɓa. Mai maganar gaggawa ta gaske zai kira.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, fita sau uku domin abu uku ta zama asarar kuɗi bayan asarar lokaci, don haka a tara buƙatun da ke hanya ɗaya a yi su a fita ɗaya, a kuma kira kafin a tashi domin a tabbatar wanda za a gani yana nan. Abin da wani zai iya yi kuwa a ba shi, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maigidan da ba ya yarda yaron shagonsa ya je banki ko ya karɓi kaya, shi ne zai tsufa a bakin kanta. A bayyana wa wakili abin da ake so da lokacin da ake so, a jure kuskurensa na farko, domin awa biyun da aka kashe wajen koya masa za su dawo da riba duk mako.

Zaman mako

Sau ɗaya a mako, ko da yammacin Juma'a ko daren Lahadi, ka keɓe minti ashirin kai da littafinka. Ka soke abin da aka gama, ka shigar da sababbin alkawura, ka duba kwanaki bakwai masu zuwa ka ga inda biki ko tafiya ko ranar biya ta faɗo, sannan ka zaɓi abu ɗaya ko biyu daga gidan masu muhimmanci marasa gaggawa ka ba su rana da awa. Idan azumi ko damina ko lokacin jarrabawa na gabatowa, a wannan zama ne ake rage kaya tun da wuri, domin mai tashi sahur da tsayuwar dare a goman ƙarshe ba zai yi aikin da yake yi a sauran watanni ba.

A nan ne kuma za ka ci karo da layin da ka yi mako uku kana kwafe shi daga shafi zuwa shafi. Irin wannan ɗayan uku ne. Ko dai ya yi girma, sai a farfasa shi har a samu matakin da za a iya ɗauka gobe da hantsi. Ko kuma ba naka ba ne, sai a miƙa shi ga mai shi. Ko kuwa, wanda ya fi yawa, ka san a ranka ba za ka yi shi ba, kunya ce kawai ta hana ka faɗa. Idan na ukun ne, ka ɗauki waya a wannan zaman, kafin ka rufe littafin, ka kira mai alkawarin ka ce, "Malam, maganar nan da na ce zan yi maka, na duba na ga ba zan samu iko ba. Ka yafe ni, na gwammace in gaya maka yanzu tun kana da sauran lokacin neman wani." Idan ya ba ka kuɗi ko takardu a kan aikin, ka aika masa da su a ranar.